Kwat Ɗin da Ta Kori 'Yan Gayya

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Ya ɗauke haƙora, ya rage ido, sunayen jikokina ma sai na yi ta laluben su kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma akwai wuni guda da ya kasa ɗauka, kuma na san yana nan tare da ni har ranar da za a sa ni a ƙasa. Shi ne wunin da mijina na fari ya kira gayya, na dafa abincin mutanen gari, ba wanda ya zo. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In an ji na yi shiru, kuka ne ya zo, sai a jira ni ya wuce.

Ni 'yar ƙasar Jahun ce, aure ya kawo ni wani ƙauye a gindin duwatsun Dutse, inda dabino ya fi kuka yawa. Lokacin Nasara bai daɗe da cin ƙasa ba. Mu mata ba mu taɓa ganin Bature kusa ba, sai dai mu ji an ce ya wuce ta hanyar Garu. Abin da muka sani game da shi shi ne ɗiban mutane. Ina amarya aka yi wani ɗiban a garinmu. Da yamma mutanen hakimi suka zo, tare da wani baƙo dogo wanda ya ɗora wata gajeriyar riga mai maɓalli a kan rigarsa ta Hausa. Shi ba ya magana da kowa, sanda kawai yake nunawa. Aka bi gida gida ana cewa gobe da asuba kowane namiji ya fito da fartanyarsa. Da gari ya waye aka tafi da su gyaran hanya, a can kuma aka ware masu ƙarfi aka ɗora musu kayan Bature a ka. Malam, mijina, yana cikin waɗanda aka ware. Haka ma ƙaramin ɗan gwaggonsa.

Masu gyaran hanya suka dawo bayan 'yan kwanaki. Masu dako ba su dawo ba. Rani ya wuce, aka yi ruwan shuka, ni da surukata muka shuka gonar Malam da hannunmu, ba mu san ko mai gonar yana duniya ba. Sai da gero ya kai idon sawu, wata ranar Laraba, na ɗaga kai daga turmi na ga mutum tsaye a bakin zaure. Da farko na yi niyyar gudu ɗaki, don irin rigar baƙon nan mai sanda na gani. Sai ya ce, "'Yar Jahun, ba ruwan sha a gidan nan?" Haka yake kirana. Muryar ce kawai na gane. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, gammo ya cinye gashin tsakiyar kansa. Shi kaɗai ya dawo. Ɗan gwaggonsa ya rasu a hanya, shi ya tona masa kabari.

Rigar, ya ce sunanta kwat. Launinta toka-toka ne, kauri gare ta kamar bargo, cikinta kuma an yi mata shafi mai santsi. Tana da aljihu har ta ciki, a nan yake ajiye goronsa. Ya ce a wurin masu ita ba a raba ta da wandonta, daga yadi ɗaya ake yanka su, tare ake sa su, tare ake cirewa. Baturen da ya yi wa dako zai tafi ƙasarsu, ya daɗe yana jin tarin Malam kowace asuba a bayan tantinsa, sai ranar sallama ya miƙa masa ita. Wandon kuwa kukun Baturen, mai dafa masa abinci, ya riga ya yi gaba da shi. Malam ya ce ko da an ba shi wandon ba zai sa ba, don mutum ba ya iya durƙuso a cikinsa, balle zaman tahiya. Saboda haka a kan 'yar shararsa ta saƙi yake ɗora ta, da wandonsa mai faɗi, da hularsa. Gindin 'yar sharar ya leƙo ta ƙasa, kafaɗunsa su tashi tsaye kamar an gitta masa sanda a ciki.

Ba don ado yake sa ta ba, wannan ina so a rubuta shi da kyau. Ƙirjinsa ne ya lalace a wurin dako. Sun sha ƙetare ruwa da kaya a ka, sun sha kwana a jiƙe. In sanyin safiya ya taɓa shi sai tari ya turnuƙe shi har ya dafa bango. Na gwada masa gwado, na gwada zane biyu, iska tana shiga ta ko'ina. Kwat ɗin nan ce kaɗai ke kama ƙirjin ta rufe shi ruf. In ya ɓalla maɓallanta, sai ka ji numfashinsa ya daidaita.

Ranar da ya dawo, babban ɗan gwaggonsa, wanda yake taubashinsa kuma tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya zo yi masa barka. Bayan sun yi kukan mamacin, ya ja hannun kwat ɗin ya ce, "Wannan yadi ne ya ƙare wa maɗinkin, ko rowa ce irin ta gidanku? Rabin riga aka ba ka ladan rabin ranka?" Malam ya ce ai gara shi, shi taubashin ko rabin hula ba a taɓa ba shi ba. Aka yi dariya. Ban san ita ce dariyar ƙarshe da za a yi da rigar nan ba sai bayan an daɗe.

A hankali gari ya canza mana. Dattawan da suka ga haihuwar Malam suka fara gyara zama in ya doso. A masallaci sai a bar masa fili dama da hagu. In na je rijiya, hira ta mutu, wata ta karɓi gugana ta ja mini ruwa ba tare da na roƙa ba. Taubashin ma ya daina tsokana, sai gaisuwa a tsaye, ya wuce. Na ɗauka nauyin rasuwar ƙaninsa ne. Malam kuwa ya ce mutane tausayinsa suke ji, sun ga yadda ya koma. Mu biyu ba wanda ya kawo a ransa cewa tsoro ne. Ashe magana ta zaga gari cewa Bature ba ya tuɓe rigarsa ya ba talaka a banza, wanda duk ya dawo da ita muƙami aka ba shi, kuma ranar da za a sake ɗiban mutane shi zai riƙe sandar.

Ana cikin haka ciyawa ta taso wa gonarmu. Noman farko mu mata muka yi shi, kuma noman mata biyu, ɗaya tsohuwa ɗaya mai ciki, an san iyakarsa. Harƙiya ta haɗe kunya da kunya, geron ya fara yin rawaya. Malam ya ɗauki fartanya ya fita, bai kai ƙarshen kunya ba ya zauna yana haki. Gonar nan ita kaɗai gare mu, rumbu kuma saura kaɗan a ga ƙasansa. In ciyawa ta ci ta, ba mu da abin da za mu ci har wata kakar, ga ciki ina ɗauke da shi. Sai ya ce zai kira gayya. Ai ya yi wa kowa, tun yana saurayi ba a taɓa kaɗa gangar noma a garin bai fita ba.

Ranar da ya zaga kiran, an yi yayyafi da rana, gari ya yi sanyi, don haka ya ɓalla kwat ɗinsa har wuya. Ya ɗauki sanda saboda ƙafarsa ba ƙarfi. Ya bi gida gida da yamma, yana tsayawa a bakin zaure, kuma saboda tari ba ya barinsa doguwar magana, sai ya taƙaita: gobe da sassafe, kowa da fartanyarsa. Ya dawo yana murna, ya ce ba wanda ya kawo uzuri, kowa cewa ya yi to, Allah ya kai mu. Yanzu in na tuna, sai in ga abin a fili kamar tafin hannuna. Kwat a kan rigar Hausa, sanda a hannu, yamma, gida gida, kowa da fartanyarsa. Ko ni ce a cikin zaurukan nan, abin da zan gani ke nan. Amma a ranar ba mu gani ba.

Na share ragowar dawar da ke rumbu. Ni da surukata muka surfa, muka niƙa, muka yi tuwo a manyan tukwanen da muka aro tun kafin a san me za a yi da su. Na kirɓa dawo, na dama fura cikin ƙore, na sa nonon da muka samo a ruga. Malam ya yanka ɗan akuyan da nake kiwo. Kafin rana ta fito ya tafi gona ya zauna a gindin ɗorawa yana jira. Hantsi ya yi, na ɗauki fura na kai. Na tarar da shi shi kaɗai, fartanyarsa a gabansa. Ya ce wataƙila sun tsaya sallamar wani abu. Muka zauna. Ba ganga, ba tari, ba muryar namiji ko ɗaya daga wajen gari. Na koma gida, na bi ta tsakiyar gari, na ga zauruka a wofi. Har makaɗin gayya ba ya nan, an bar ƙofarsa a buɗe. Sai tsofaffi da mata, su ma kowa ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

Rana ta kusa tsaka Malam ya dawo gida yana jan ƙafa. Ya zauna a kan turmi yana kallon tukwanen tuwo. A nan gwaggonsa ta same mu. Ta shigo da sandarta, fuska a ɗaure, da alama faɗa ta zo yi. Ta buɗe baki ke nan sai idonta ya sauka kan tukwane. Ta matsa ta ɗaga faifan da na rufe ɗaya, ta ga miya da nama, ta dubi ƙoren fura a jere. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ɗan nan, ashe gayya ce ta gaske?"

Malam ya ce, "Gwaggo, to me ce da?"

Ta zauna a ƙasa, tsohuwa da ita, ba ta nemi tabarma ba. Ta ce aikin Nasara ba a dafa masa tuwo. Ta ce tun jiya da ya juya baya aka taru, aka ce ranar ta zo. Ita da bakinta ta ce wa ɗanta ya gudu, don ta ba da ɗaya ba za ta ba da na biyu ba. Kafin asuba duk mai ƙarfi a garin ya hau duwatsu, suna can cikin koguna da ɗan guzurinsu, sun yi shawarar ba za su sauko ba sai an ga abin da ya biyo baya. Ta nuna ƙirjinsa da sandarta ta ce, "Wannan abar ce. Mutumin da ya tafi mini da yaro irinta ce a jikinsa."

Na ga Malam ya sunkuya ya dubi rigar kamar yau ya fara ganinta. Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Ya ce a hankali, shi da ya tona kabarin yaron da hannunsa, shi ake zaton zai nuna wani da sanda. Daga nan ya miƙe ya ce zai je ya kira su. Gwaggo ta ce a aika mace. Ya ce ba za su yarda ba, za su ce tilasta ta aka yi. Ta ce to in sun hango kwat daga sama, ƙara nisa za su yi. Ya ce ya sani. Ya fara ɓalle maɓallan.

Na dubi gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen dabino. Ban taɓa yi masa musu a gaban manya ba, amma ranar na ce, "Malam, ruwa zai sauko. Ka bari sai gobe." Ya ce tuwon ba zai kai gobe ba, kuma ba mu da dawar yin wani. Gaskiya ya faɗa. Ya cire ta ya miƙo mini, da ɗuminsa a jikinta, ya ce, "Riƙe mini, 'yar Jahun. Yanzu zan dawo."

Na bi shi har gindin dutse, na tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya da kwat ɗin a rungume. Ina kallonsa yana hawa cikin 'yar shara, ya taka ya tsaya, ya taka ya dafa. Ko sandar bai ɗauka ba, don kada su ga sanda. Bai kai rabi ba ruwa ya kece. Na daina ganinsa, sai muryarsa da iska ke kawo mini guntu-guntu. Ba sunayensu na yanka yake kira ba, sunayen tsokanar da suka sa wa juna tun suna kiwon awaki yake kira, tari yana yanke shi, ya sake farawa. Na ji yana ce wa taubashinsa ya fito, matsoraci, furar tana tsami. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Na dai san na cusa rigar cikin zanena don kada ta jiƙe, ni kuwa ruwa yana bin bayana.

Da ruwan ya tsagaita na ga suna saukowa a jere, kowa da fartanyarsa, don sun tafi da su ne kada a tarar da su a gida a ce ƙin kira suka yi. Makaɗin yana baya da gangarsa a ka. Taubashin ne ya goyo Malam. Da suka iso, leɓunansa sun yi fari, haƙoransa suna haɗuwa. Na miƙa rigar, ba wanda ya dube ni. Taubashin ya karɓa, ya tuɓe masa jiƙaƙƙiyar 'yar sharar, ya sa masa kwat ɗin a kan fatarsa, ya ɓalla maɓallan a karkace don bai iya ba. Yana yi yana cewa, "Sa rabin rigarka, Bature. Da ka ce mana sanyi kake ji." Malam ya ce, "Da kun tambaya." Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar, har abada.

A ranar suka ci tuwon da sanyinsa, suka faɗa gona ƙasa tana jiƙe, ba su tashi ba sai da rana ta faɗi. Washegari suka dawo ba a kira su ba, kuma ba su yarda na ɗora tukunya ba, matansu suka kawo abinci. Gonar ta fita tas. Malam yana kwance yana jin ganga daga ɗaki, yana kaɗa yatsa a kan tabarma.

Bai sake tashi ba. Zazzaɓi ya kama shi a daren, ciwon ya sauka a haƙarƙari. An yi masa ƙaho, an kawo rubutu daga wurin liman, na dafa citta da kanumfari da masoro, na gasa masa ƙirji da tsumma har hannuna ya saɓule. Zaurenmu bai taɓa cika irin na kwanakin nan ba. Waɗanda ke ba shi fili a masallaci yanzu su ke zama har gwiwarsu tana taɓa tasa. Yana jin daɗin haka, na gani a idonsa. Geron ya yi kyau a shekarar, ya fitar da kai manya-manya, amma mai shi bai gani ba. Ya rasu geron yana fure, kwat ɗin tana jikinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ina cikin takaba mutanen gari suka girbe, suka ɗaure, suka cika mini rumbu. Da geron nan aka yi kunun jegona da na haifi 'yarsa.

Da aka zo raba kayansa, aka fito da kwat ɗin aka ajiye a tsakiya, kowa ya kawar da kai. Wannan karon ba tsoro ba ne, kunya ce. Sai taubashin ya miƙa hannu ya ce a ba shi. Ya fi Malam jiki, maɓallanta ba sa haɗuwa a cikinsa, hannayenta ba sa kai masa wuyan hannu. Haka ya riƙa ɗora ta a kan rigarsa kowace damina, ya je masallaci, ya je kasuwar Shuwarin, ya je gayya ya rataye ta a reshe. Baƙi su yi ta kallonsa, yara su yi dariya, bai taɓa bayani ba. In ya gamu da ni sai ya dafa ƙirjinta ya ce, "Matarmu, ɗan'uwana yana gaishe ki." Ya sa ta har gwiwar hannunta ta huje, aka yi mata maho da saƙi, mahon ma ya huje.

Na yi wani aure bayan Malam, shi ma na binne shi, mutumin kirki. Gwaggo ta tafi, taubashin ya tafi, duk waɗanda suka hau dutse a ranar ba sauran ko ɗaya. Ni kaɗai aka bari da labarin, kuma na gaji da ɗaukarsa. Yanzu jikokin mutanen nan su ne ke wucewa ta ƙofar gidan nan da kwat a kan kaftani, wani da wando kala daban, za su wurin aiki, ba mai ko waiwayarsu. In na ga inuwarsu sai in ce a raina, rigar nan da ta tashi gari guda, yau ko kaza ba ta kora.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Mutanen da aka taɓa ɗiba, ba a ce musu don me suka gudu. Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsoro ba ya tambaya, kuma ba baƙo ya fi cutarwa ba, naka yake sa ka kasa ganewa. Mun zauna gari ɗaya, rijiya ɗaya, sahu ɗaya, kowa yana kallon riga, ba wanda ya ce, ɗan'uwa, me ya sa ba ka cire ta? Tun daga ranar, in na ga wani nawa ya dawo da abin da ban gane ba, a jikinsa ko a halinsa, ba na zuwa bayan gida in yi shawara da wasu. Zama nake yi kusa da shi in tambaye shi ina ke masa ciwo. Tambayar ba ta da nauyi. Da an yi wa Malam ita, da bai hau dutsen nan cikin ruwa ba.